Faifan Farko Na Pink Floyd

A cikin watan Agusta na 1967 kamfanin EMI na Landan ya fitar da faifan garmaho na waɗansu samari huɗu, Syd Barrett da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason, masu kiran ƙungiyarsu Pink Floyd. Sunan faifan The Piper at the Gates of Dawn, watau mai busa a ƙofar alfijir, an kuwa ɗauko shi daga kan wani babi na littafin yara da Kenneth Grahame ya wallafa a 1908. Waƙoƙi 11 ke ciki, 8 daga cikinsu Barrett ne ya tsara shi kaɗai.

Irin kiɗan nan Turawa na ce masa saikadelik, watau kiɗan da a ke so ya juya hankalin mai ji, ya zama kamar yana mafarki ido biyu. Kafin faifan, samarin sun yi suna ne a wani gidan rawa na Landan mai suna UFO, inda su kan kwana suna kiɗa ana haska su da fitilu masu launi iri iri, kiɗa guda ya kan wuce rubu'in sa'a ba a san inda zai tsaya ba. To, da su ka shiga ɗakin ɗaukar murya na Abbey Road sai aka haɗa su da Norman Smith, wanda ya daɗe yana aiki da Beatles, mutum mai son waƙa gajera, tsararriya. Smith ya ba da labari daga baya cewa in ya ba Barrett shawara sai ya gyaɗa kai, sa'an nan ya koma ya rera yadda ya yi da fari. Jayayyar nan tasu ita ta raba faifan gida biyu.

Gida na farko shi ne na kiɗan dare. Babbansa Interstellar Overdrive, kusan minti 10 ba waƙa ko baiti ɗaya. Ya kan fara da jita tana gangarowa da ƙarfi, sa'an nan kowa ya kama gabansa, sai can ƙarshe su sake haɗuwa. Masu yabon faifan nan su ka fi nunawa, amma gaskiya tsakiyarsa tana da ja. Abin da ya ƙayatar cikin taro da fitilu, in aka raba shi da su aka sa a ɗaki, sai ya zama kamar kiɗan dambe ba 'yan dambe. Waƙar da Waters ya tsara kuwa hayaniyarta ta fi ma'anarta yawa.

Gida na biyu, na gajerun waƙoƙin Barrett, nan ne dukiyar ta ke. Ba ya yabon sarki, da wuya ma ya yi begen budurwa yadda tsaransa ke yi. Wannan waƙa ta kyanwa ce, waccan ta yaro ce mai roƙon uwarsa ta ƙara karanta masa tatsuniya kafin barci. A cikin The Scarecrow ya dubi mutum-mutumin da a ke kafawa a gona, wanda ba ya motsi sai iska ta motsa shi, ya gwada halinsa da nasa, kiɗan kuwa ƙwas ƙwas kamar tafiyar doki. A cikin Bike saurayi ne ke jera wa yarinya 'yan komatsansa, keke da tsohuwar alkyabba da ɓera, mai ji yana cikin murmushi sai waƙar ta yanke, agoguna da ƙararrawa su ɓarke, a rufe da wata dariya mai kama da kukan agwagwa wadda ke sa tsigar jiki ta tashi. Wasan yara ne a sama, tsoro a ƙasa, kuma Barrett bai taɓa tsayawa ya nuna wa mai ji inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Mutane da yawa su kan ce ƙwayar LSD, wadda Barrett ya sha ƙwarai, ita ta haifi waƙoƙin nan. Wanda ya saurara da kyau ba zai yarda ba. Yadda ya ke ƙara wa baiti tsawo don kalma ta sami wurin zama, sa'an nan ya komo kan amsa-amo daidai, aikin mai natsuwa ne wanda ya san abin da ya ke yi. Abin da ya biyo baya shi ya fi kama da aikin ƙwaya, ko da ya ke waɗansu na ɗora shi a kan ciwon taɓin hankali. Faifan ya hau har matsayi na 6 a jerin cinikin Ingila, amma kafin shekarar ta ƙare Barrett ya kan tsaya gaban jama'a da jita a wuya ya kasa kaɗawa. Aka kawo abokinsa David Gilmour, a Afrilu na 1968 aka sanar ya bar ƙungiyar. Sauran su ka ci gaba su ka yi suna a duniya duka, shi kuwa daga baya ya koma garinsu Kambirij, yana zane da aikin lambu, har ya rasu a 2006.