Malam-Buɗe-Littafi Bai Shiga Littafi Ba: Daji a Ƙagaggun Labaranmu

Abin da nake so in tattauna a wannan ɗan sharhi shi ne yadda marubutanmu na zube suke bi da daji da halittun cikinsa. Ra'ayina shi ne sun mai da daji hanya kawai, wadda tauraron labari zai ratsa ya kai wani gari.

Mu fara daga gida. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, malamai biyu daga nan Katsina sun yi fice: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, da Bello Kagara da Ganɗoki. Duka littattafan biyu tafiya ce tun daga farko har ƙarshe. Amma in mai karatu ya rufe Ruwan Bagaja, dabarun Alhaji Imam da wahalar Malam Zurƙe zai tuna, ba zai iya cewa ga irin itatuwan da suka wuce ba. A Magana Jari Ce kuwa tsuntsu ya sami babban matsayi, sai dai akun nan mutum ne aka sa wa gashin tsuntsu. Wannan gadon tatsuniya ne, inda kura take wakiltar kwaɗayi, dila kuma wayo. Ban ce aibi ba ne, don jigonsu halin ɗan Adam ne, kuma sun cim ma burinsu. Ƙorafina yana kan waɗanda suka biyo baya. Littattafan soyayya da suka yawaita tun shekarun 1980 sun cika da "filawa" marar suna, a lambun gidan attajiri, alhali furannin ƙasarmu suna bakin hanya.

Kada wani ya ce harshen ne ya gaza. Tun 1916 Likita Dalziel ya cika littafi guda da sunayen tsirrai na Hausa zalla, ƙamusun Bargery na 1934 kuma ya tara sunayen tsuntsaye da ƙwari masu yawa. Manomi da mafarauci da makiyayi ne suka ba su waɗannan sunaye, domin sun duba da kyau.

Ni kaina na sha hawa duwatsun wajen Dutsin-Ma a ƙarshen damina, kuma abin da ido ke gani a can ya ishi marubuci jari. Ga agwada tana shan hantsi a kan fā, da ta ji motsi ta faɗa kogo. Ga duman kada ya malala a bakin rafi. Ga ƙuduji a gonar dawa, furensa gwanin kyau, saiwarsa kuwa tana tsotse amfanin gona a ɓoye. Wace siffa ta munafuki ta fi wannan? Ga gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi tofo da rani. Akwai kuma wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya, dafin ya zauna a jikinsa, har tsuntsaye su riƙa ƙyale shi. Bahaushe ya dubi yadda yake buɗe fukafukai yana rufewa ya raɗa masa sunan littafi, amma da wuya ka same shi a littafi.

Maganar nan ba ta ado ba ce kurum. Dajin Rugu, wanda ya ratsa yankunan Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya zama maɓoyar 'yan bindiga tun shekarun 2010, sare itatuwa kuma ya cinye wasu dazuzzukan. Yaron da aka haifa a Ƙofar Sauri yana iya girma bai taɓa ganin barewa ba sai a karin magana. In daji ya ƙare, tsofaffin da suka san sunayen suka ƙaura, adabi ne kaɗai zai riƙe su, shi kuwa ba ya riƙe abin da ba a sa masa ba.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai masu sha'awar rubutu ita ce, inda hanya ke da lafiya, a fita bayan gari da takarda da alƙalami, a tambayi manomi sunan kowace ciyawa. Gani ya kori ji. Malamanmu kuma, in an zo feɗe littafi, a riƙa tambayar marubuci wace ƙasa ce labarinsa ya taka.