Wayoyi Huɗu a Hannun Mai Gyara

A bakin babban titin Nima, tsakanin mai shayi da mai sayar da caja, akwai wani tebur na mai gyara da bai wuce zira'i uku ba. A nan na ga wani malamin Islamiyya ya kawo kyamarar kwamfutarsa. Da ita yake karantar da 'ya'yan 'yan Zango da ke Bronx a Amurka, bayan sallar isha'i. Kwana biyu kenan hoto na zuwa yana ɗaukewa, yara na ta cewa ba sa ganin Malam.

"Masta, ko dai sabuwa zan saya?"

"Malam, a yi haƙuri tukuna. Idonta lafiya lau. Wayar ce ta gaji."

Abin da ya fara burge ni shi ne Masta bai taɓa reza ba sai da ya gano inda ciwon yake. Ya jona kyamarar, ya kama kebul ɗin da yatsu biyu yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, daga kai har gindi, idonsa na kan allo. Da ya zo wuyan filogi, hoto ya ɗauke. Ya saki, ya dawo. Ya maimaita sau uku kafin ya gyaɗa kai. Galibi a nan waya ke karyewa, domin nan ne ake fizga, nan ne kuma ake naɗewa, alhali robar waje tana nan sumul ba ta nuna komai.

Wanda bai taɓa feɗe kebul na USB ba zai ɗauka igiya ɗaya ce. Huɗu ne a ciki, kowace siririya kamar zaren ɗinki. Ja tana kawo wuta, bolt 5. Baƙa ita ce hanyar komawar wutar. Fara da koriya su ke ɗauke da hoto, kuma a murɗe suke da juna kamar kitso. Wannan murɗawar ba ado ba ce. Tsarin USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, yana iya tura bayanai har megabit 480 a daƙiƙa ɗaya, kuma a irin wannan gudun, in aka warware wayoyin biyu da tsawo, saƙo sai ya gurɓace. Shi ya sa Masta bai warware fiye da faɗin farce ba. Bai yi mini bayani da lissafi ba. Cewa ya yi, "Waɗannan biyun tagwaye ne, ba a raba su."

Bai kuma yarda da launi kawai ba, sai da ya ɗora mita ya ji ƙararta a kan kowace waya. Wasu kebul masu araha launinsu a hargitse yake, in kuwa ja da baƙa suka yi musanya, kyamarar na iya ƙonewa nan take. Sabon kan filogin ma da zai dasa, daga tsohon kebul na firinta ya yanko shi, ya ture na linzamin kwamfuta gefe, domin yawancinsu ba a yi su don ɗaukar hoto ba.

Sai aikin dalma. Ya yanka wayoyin hawa-hawa don kada mahaɗansu su zauna kusa da juna su taɓa. Ya zura wa kowace 'yar robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, tun kafin ya haɗa, abin da sabon yaro kan manta har sai ya gama. Ya shafa wa kowane baki dalma, ya haɗa, ƙarfen dalmar bai wuce ƙiftawar ido a kai ba. Hayaƙi siriri ya tashi. Ya mayar da farar takardar ƙarfe da ragar da ke lulluɓe wayoyin, waɗanda masu gaggawa kan yanke su yar, sannan ya bi robar da wutar laita har ta kama jiki.

Irin wannan hannun ba daga littafi ake samunsa ba. Yawancin matasan Nima da Maamobi masu wannan sana'a a gaban wani masta suka zauna shekaru, wasu a Tip Toe Lane da ke Circle, suna miƙa sukundireba kafin a bari su taɓa dalma. Kuma a birnin da aka daɗe ana ƙona wayoyi a Agbogbloshie don a ciri tagulla, har hukuma ta rushe wurin a 2021, ni kam ina ganin girman mutumin da ke hana kaya zuwa bola saboda karayar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Malam ya jona. Fuskarsa ta bayyana a allo, Masta ya girgiza kebul ɗin da ƙarfi, hoto bai motsa ba. Aikin bai kai rabin awa ba.

"Malam, in za a cire, a kama kan filogin. Kada a ja wayar."