Jakar Mark Pullen da Ƙyallen Bayo: Sharhi a Kan Sabuwar Hanyar Koyar da Tarihi a Ingila



Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan wata hanyar koyar da tarihi wadda ta tsiro a Ingila, aka yi mata laƙabi da "sabon tarihi", har ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe. Ba zan bi dukkan rassanta ba. Darussa biyu kawai zan ɗauka in gwada su da juna, domin a ganina bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya nuna inda hanyar ta yi daidai da inda ta kauce.

A shekarar 1968 wata malama mai suna Mary Price ta rubuta maƙala inda ta yi kashedi cewa darasin tarihi yana cikin haɗari a makarantun Ingila, saboda yara sun gundura da shi. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka saba a lokacin shi ne malami ya tsaya gaban allo ya jero sarakuna da yaƙe-yaƙe da shekaru, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Don maganin haka ne aka kafa wani shiri a Jami'ar Lids a 1972, a ƙarƙashin David Sylvester, domin yara 'yan shekara 13 zuwa 16. Manufarsa ita ce a daina miƙa wa yaro tarihi kamar dafaffen tuwo. A ba shi hujjoji ya auna da kansa, watau ya ɗanɗana aikin masanin tarihi.

Darasin da ya fi shahara a farkon wannan shiri shi ne na Mark Pullen. Wani saurayi ne ƙagagge da aka ce an tsince shi a mace a gefen hanya, sai a raba wa yara abubuwan da ke cikin jakar aljihunsa, kamar tikiti da 'yan takardu, a ce su gano ko wane ne shi da yadda aka yi ya mutu. Babu shakka yara suna son wannan darasi, aji yakan kaure da gardama. To amma mene ne yaro ya koya? Ya koyi aikin ɗan sandan ciki. Mark Pullen mutumin zamanin yaran ne, tikitinsa irin wanda suka saba gani ne, saboda haka ba su bukatar wani sani kafin su fassara shi. Nan ne kuskuren yake. An cusa wa yaro cewa auna hujja wata dabara ce mai zaman kanta, wadda in ya iya ta a kan jakar wani saurayi zai iya ta a kan takardar da ta shekara 900. Alhali ba haka abin yake ba.

Mu duba darasi na biyu, wanda kusan kowane yaro ɗan shekara 11 ko 12 a Ingila yakan gamu da shi, watau Ƙyallen Bayo. Wannan wani dogon ƙyallen lilin ne mai tsawon kusan mita 70, faɗinsa kuwa kamar rabin mita, an yi masa surfani da zaren ulu, yana ba da labarin yadda Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066. In aka shimfiɗa hotonsa a gaban aji, yara sukan ga dawaki da jiragen ruwa da tauraruwa mai wutsiya, da mutanen da ake sara. Ya fi jakar Mark Pullen jan hankali nesa ba kusa ba. Sai dai yaron da bai san kome ba, hoto kawai zai gani.

Alal misali, akwai wurin da aka nuna Harold yana rantsuwa a gaban Wiliyam, hannuwansa a kan akwatunan kayan waliyyai. Ƙyallen bai faɗi abin da ya rantse a kai ba. Marubutan Nomandi ne suka ce ya yi alkawarin mara wa Wiliyam baya ya gaji Sarki Edwad, sa'an nan da Edwad ya rasu a watan Janairu na 1066 sai ya ci amana ya hau gadon da kansa. Littafin tarihin da Ingilishi suke rubutawa shekara-shekara a wancan zamani bai ambaci wannan tafiya ta Harold ba. Yawancin masana kuma suna ganin Bishop Odo ne ya sa aka yi ƙyallen, shi kuwa Odo uwarsu ɗaya da Wiliyam. Sai yaro ya san waɗannan abubuwa kafin tambayar "wa ya yi wannan, don me?" ta yi masa ma'ana. Haka kuma yaron da aka ba labari filla-filla ne kaɗai zai lura da abin da ƙyallen ya tsallake: ranar 25 ga Satumba Harold ya fafata da Sarkin Norwe a Gadar Stamfod can arewa, ya yi nasara, sa'an nan ya juyo da gajiyayyar runduna tafiyar fiye da mil 200 ya tari Wiliyam a Hestin ranar 14 ga Oktoba. Wanda bai san an yi wancan yaƙi ba, yaya zai gane an ɓoye shi? Har ma kibiyar nan da ake cewa ta soki Harold a ido, mutum biyu ne a ƙarƙashin rubutun da ke faɗin mutuwarsa, ɗaya da kibiya a ka, ɗaya wani barde yana saransa, kuma an yi wa wurin kwaskwarima a ƙarni na 19.

A nan zan ɗan ratse, domin tarihin Birtaniya ya shafe mu. Lokacin da Lugga ya nemi hujjar kai wa Kano da Sakkwato hari a 1903, ya kawo fassarar wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai nuna cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Ba a ga asalin wasiƙar ta Larabci ba, kuma D.J.M. Muffett ya nuna shakkarsa game da ita a littafinsa na 1964. Rantsuwar Harold da wasiƙar Abdurrahman 'yan gida ɗaya ne: hujja ce da ta fito daga hannun wanda ya ci yaƙi. Malamin da ya haɗa su a darasi guda ya koyar da tarihin duniya ba tare da ya bar gida ba.

Game da darasin "ka ɗauka kai ne", wanda ya yi tashe bayan an fara jarrabawar GCSE a 1988, magana kaɗan ta isa. Na taɓa zuwa duba wani ɗalibinmu mai gwajin koyarwa, ya ce wa yara su ɗauka su manoma ne a Ingila bayan yaƙin Hestin, su rubuta yadda suke ji. Kusan dukkansu suka rubuta cewa za su kai ƙara wurin 'yan sanda. Laifin ba na yaran ba ne, ba a gaya musu yadda manomin yake rayuwa ba.

Kada a ɗauka ina kira ne a koma wa hadda. Lokacin da Michael Gove yake Ministan Ilmi ya fitar da daftarin manhaja a 2013 mai cike da jerin sunaye da shekaru, malamai da masana suka yi masa ca, har sai da aka sassauta shi kafin a fara aiki da shi a 2014. Suna da gaskiya. Abin da nake suka shi ne tsarin da aka bi, aka sa bincike a gaba, labari a baya. Shawarata ga malaman da muke horarwa ita ce su ba da labarin 1066 da bakinsu tukuna, daga rasuwar Edwad har zuwa faɗuwar Harold, da taswira a jikin allo, ko da zai ci darasi biyu. A darasi na uku ne za a fito da ƙyallen, a tambayi yara abin da Odo ya sa a ciki da abin da ya bari.