Masu Kula da Kaburburan Fursunonin Yaƙi a Kanchanaburi

A garin Kanchanaburi na ƙasar Thailand akwai maƙabarta mai ɗauke da sojoji kusan 7,000, galibinsu 'yan Birtaniya da Ostareliya da Holan. Ba a fagen fama suka faɗi ba. Fursunoni ne da Japan ta tilasta wa shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 zuwa Bama a 1942 da 1943, inda yunwa da kwalara da zazzaɓin cizon sauro da duka suka ci ransu. Da yawansu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai.

Bayan yaƙi aka bi dajin zango-zango, ana tono gawarwakinsu ana dawo da su nan. Mutum 300 da annoba ta kashe a sansanin Nieke ƙone su aka yi, don haka tokarsu aka haɗa a kaburbura biyu.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, ita ke riƙe da wurin, kuma ta cancanci yabo. Kusan kowane mamaci da ɗan allonsa na tagulla: suna, lamba, runduna, ranar rasuwa. Na hafsa bai fi na kurtu girma ba. Ma'aikatan lambu 'yan ƙasar suna aske ciyawa, suna bayi, suna dasa furanni tsakanin allunan mutanen da ba su haɗa dangi ba.

Leburorin Asiya da suka mutu a aikin layin dogon sun ninka sojojin sau da yawa, amma yawancinsu ba a san inda suke kwance ba.