Tsufan Matani Daban, Tsufan Takarda Daban: Sharhi a Kan Warƙoƙin da Ake Jingina wa Zamanin Rumfa

Gabatarwa

A ƙasar Kano, har da Rano da Kibiya inda gidajen malamai suka gaji gafakoki cike da littattafan hannu, akan fito da warƙa guda wadda ta yi ja, gefenta ya zagwanye, a ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka rubuta ta, wani lokaci ma a ce hannun Shaihu Magili ne. Wannan sharhi zai auna hujjojin da ake kafawa da su.

Hujjar matani

Masu da'awar sukan ce abin da ke rubuce maganar Magili ce. Ko da hakan ta tabbata, ba ta nuna shekarun takardar ba. Wasiyyar da Magili ya rubuta wa Rumfa a 897 Hijira ta shahara ne ta hanyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kawo ta cikin Tanbihul Ikhwan bayan fiye da shekara 300. Haka ilimi yake tafiya a wurinmu: ɗalibi ya kwafa daga malaminsa, tsohon kwafi ya lalace, sabo ya maye gurbinsa. Tarihin da ke ƙarshen littafi ma abin lura ne, domin mai kwafi yakan ɗauko shi yadda ya same shi, sai ranar da mawallafi ya gama ta zama kamar ranar da aka yi kwafin.

Hujjar kama da hannu

Jan takarda da cin gara ba shekaru suke ƙirgawa ba, yanayin ajiya suke nunawa. Damina kaɗan a ɗaki mai yoyo ta isa ta tsofar da warƙa. Rubutun ma haka: fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, da tawadar bagaruwa da ƙaro, har yau da su alarammomi suke rubuta Alƙur'ani a ruwayar Warshu. Abin da bai canja ba tsawon ƙarnoni ba zai ware ƙarni ɗaya daga wani ba.

Shaidar takarda

A nan ne ma'auni yake da ƙarfi. A ɗaga warƙar a haske a duba tambarin da ke cikin jikinta. Yawancin littattafanmu an rubuta su a takardar arewacin Italiya mai hilali uku, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Alƙahira da Tarabulus. Idan aka ga sunan Andrea Galvani na Pordenone, magana ta ƙare: takardar ba ta riga ƙarni na 19 ba, kuma rubutu ba ya rigan takardarsa. Sai dai warƙa guda takan zo ba tambari, domin yana faɗawa a wani sashe na babban fallen da aka yanka. Rashinsa ba hujjar tsufa ba ce.

Abin koyi shi ne Alƙur'anin Barno da A. D. H. Bivar ya bayyana a 1960. Tafsirin da ke gefensa yana ɗauke da tarihin 1080 Hijira, wato 1669, don haka ayoyin da ke tsakiya ba su zo bayan wannan shekara ba. Wannan yana cikin mafiya tsufan littattafan hannu masu tarihi a Nijeriya, amma tsakaninsa da rasuwar Rumfa shekara 170 ce. Wanda ya ce tasa ta fi wannan tsufa, hujja tana wuyansa. Gwajin kimiyya ma yana da iyaka: warƙoƙin Alƙur'ani na Jami'ar Birmingham da aka sanar a 2015 sun ba da tsakanin 568 da 645 Miladiyya, amma wannan shekarun fatar ne, ba ranar da alƙalami ya hau ta ba.

Ƙima

Littattafanmu ba a ɗinke suke ba. Kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi ita ke haɗa warƙa da mai bi mata. Wanda ya zare guda don ya sayar ya naƙasa littafin, ya kuma raba warƙar da shafin ƙarshe da zai yi mata shaida. Sayar da ita da sunan zamanin da bai tabbata ba algushu ne, idan kuma waƙafi ce, sayarwar ba ta halatta tun asali. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba.

Kammalawa

Warƙar ƙarni na 19 ba abin rainawa ba ce: sunan mai kwafi, da sharhin gefe, da tarjamar ajami suna nuna abin da malaman Rano suka karanta da wanda suka karanta a wurinsa. Abin da ya dace shi ne a mayar da ita cikin 'yan'uwanta, a ɗauki hotonta, a nuna wa masana a Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa da ke Kaduna. Allah ne Mafi sani.