Ɗan gari ma akwai ƙofar da ba a buɗe masa

Yanzu a jami'o'inmu, da ɗalibi ya kawo batun bincike sai a ce masa ya koma garinsu ya yi, wai ya fi sauƙi da araha. Ina goyon bayan mu riƙa rubuta labarinmu da hannunmu. Sauƙin da ake faɗa ne ban yarda da shi ba.

A 1949 da 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba a ƙasar Zazzau, hirarsu ta zama littafin Baba of Karo a 1954. Baba ta ba ta labarin bayi da masu kai hari su kama mutane, da aure da saki da zaman kishiyoyi. Mary baƙuwa ce, abin da ta ji ƙetaren teku za ta tafi da shi.

To, tura ɗan garin ya tambayi wani dattijo ko wace zuri'a ce ta fito daga rinji. Tun bai kunna rikoda ba za a ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Amsarsa ce za ta yanke abin da zai ji. In akwai tsohuwar rigimar gona tsakanin gidajen biyu, gaisuwa kawai zai kwasa ya tashi. Ga kunya: wace budurwa ce za ta zauna gaban gwaggonta ta tambaye ta dalilin mutuwar aurenta na fari? Wani abin kuma sabo ne ke rufe masa ido. Tun yana yaro yake ganin uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, don haka ba zai ga abin rubutawa a ciki ba.

Ana iyawa. Yusufu Bala Usman ɗan gidan sarautar Katsina ne, amma a littafinsa na tarihin Katsina na 1981 bai ɗauki labarin fada yadda aka ba shi ba, ya kuma ƙi a mayar da jihadi faɗan Fulani da Haɓe kawai. Horo ne ya kai shi nan, horon da yawancin ɗalibanmu ba sa samu kafin a tura su gida da takardar tambayoyi.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an gama. Malami ya sa hannu, kundi ya shiga ɗakin karatu, yanzu har intanet. Ɗalibin kuwa a masallaci ɗaya zai ci gaba da salla da mutanen da ya rubuta sirrinsu, ƙila a gidan ɗayansu ake neman auren ƙanwarsa. Kafin ya tafi, malaminsa ya zaunar da shi su tsayar da sunayen da za a sauya, na mutane da na unguwa, da tambayoyin da za a bar wa abokin karatunsa ɗan wani gari ya yi.