Ƙarfi da Rauni a Wasan Enderal: Nazarin Jigo da Zubi da Sarrafa Harshe a Aikin 'Yan Sa-kai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora wasan kwamfuta mai suna Enderal bisa ma'aunin da aka saba auna ƙagaggun labarai da shi, wato jigo da zubi da tsari da taurari da sarrafa harshe, domin a ga inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza. Dalilin zaɓen wannan wasa shi ne, waɗanda suka ƙaga shi 'yan sa-kai ne da suka yi aikin don sha'awa, kuma suka sake shi kyauta. Tambayar da ke gaban mai nazari ita ce: shin aikin da aka yi ba tare da jarin kamfani ba yana iya ɗaukar nauyin labari mai zurfi, ko kuwa dole a yi masa rangwame wajen hukunci? Matsayin maƙalar shi ne, Enderal bai buƙatar rangwame a fagen jigo da taurari, amma yana da rauni na haƙiƙa a zubinsa, kuma mafi yawan wannan rauni ya samo asali ne daga irin tubalin da aka yi ginin da shi.

2.0 Asalin Wasan

Enderal yana cikin rukunin wasannin da mai wasa yake shiga rigar tauraron labari, ya yi yawo a buɗaɗɗiyar duniya, ya yi magana da mutanenta, ya yi yaƙi, ya kuma ƙara ƙwarewa yayin da labari ke tafiya. Wata ƙungiya ta ƙasar Jamus mai suna SureAI ce ta shirya shi. Ƙungiyar ta fara shahara da wasan Nehrim a shekarar 2010, wanda ta gina bisa injin wasan Oblivion na kamfanin Bethesda. Da Bethesda ya fitar da Skyrim a shekarar 2011, sai ƙungiyar ta ɗauki injinsa, ta kawar da ƙasarsa da mutanensa da labarinsa, ta zuba nata. An saki Enderal da Jamusanci a watan Yuli na 2016, da Ingilishi kuma a watan Agusta na wannan shekara. A watan Fabrairu na 2019 aka fitar da faɗaɗɗen bugu mai suna Forgotten Stories a dandalin Steam, wanda ya ƙara wasu labarai na gefe da kuma ƙarshe na uku. Nicolas Lietzau ne jagoran marubutan labarin, Marvin Kopp kuma yana cikin waɗanda suka tsara kiɗan.

3.0 Taƙaitaccen Labari

Labarin ya buɗe da mafarki: tauraro yana gaban gidan ƙuruciyarsa, mahaifinsa yana zarginsa da kashe iyalinsu. Da ya farka sai ga shi a ɓoye cikin jirgin ruwa tare da abokinsa Sirius, suna gudun hijira daga Nehrim. An kama su, aka kashe Sirius, aka jefa tauraro cikin teku. Ya tsinci kansa a gaɓar Enderal da wata baiwa ta sihiri da ikon ganin abin da ya wuce.

Ƙasar Enderal tana ƙarƙashin mulkin wata ƙungiyar addini mai bauta wa wasu da ake kira Haifaffun Haske. Waɗannan kuwa matsafa ne da suka mai da kansu ababen bauta, an kuma riga an kashe su, amma shugabanni suna ɓoye wa talakawa. Ga wata cuta da ake kira Jan Hauka tana sa mutanen kirki kisan gilla. Shugaban ƙungiyar, Tealor Arantheal, ya gano cewa kowace al'umma da ta taɓa zama a duniyar Vyn ta bi matakai iri ɗaya har ta kai ga hallaka da ake kira Tsarkakewa, wadda wasu halittu, Maɗaukaka, suke haddasawa. Sai ya ɗaura ɗamarar sake gina wata na'ura ta mutanen da, wato Fitila, don ya karya wannan zagaye. A ƙarshe ta bayyana cewa Fitilar ita ce makamin hallakar, kuma tauraro ya mutu tun a teku. Abin da mai wasa yake sarrafawa siffa ce da Maɗaukaka suka ƙaga daga burin mamacin.

4.0 Inda Wasan Ya Yi Ƙarfi

4.1 Jigo

Babban jigon Enderal shi ne illar girman kai da ke sanye da rigar ceto. Al'adar irin waɗannan wasanni ita ce a gaya wa mai wasa cewa shi zaɓaɓɓe ne, duniya tana jiransa. Haka Skyrim ya yi. Marubutan Enderal sun karɓi wannan al'ada, suka bar mai wasa ya sha daɗinta na tsawon sa'o'i masu yawa, sannan suka nuna masa cewa wannan jin daɗin shi ne ƙugiyar da aka kama shi da ita. Maɗaukaka ba su da hannun da za su ɗaga takobi. Abin da suke da shi kawai shi ne sanin raunin kowane mutum, da iya zuga shi ta wannan ƙofa.

Warwarar jigon ta yi armashi domin an raba ruɗin gida biyu. Arantheal yana ganin Tsarkakewa bala'i ce da shi kaɗai zai iya tsayar da ita. Abokin gabarsa, Taranor Coarek, wanda ya kawo rundunar Nehrim don rushe mulkin addini, yana ganin ta a matsayin ɗaukakar ɗan Adam zuwa matsayi na gaba. Mai kare addini da mai yaƙar addini duk sun faɗa rami guda, kowa ta tasa hanya. Saboda haka ba za a iya cewa wasan ya ɗauki ɓangare a wannan jayayya ba. Abin da ya tuhuma shi ne yaƙinin da ba ya karɓar tambaya.

4.2 Taurari

Arantheal shi ne tauraron da aka fi ƙwarewa wajen ginawa. Mutum ne mai kwarjini da jarumtaka, amma yana ɗauke da laifuffuka biyu: ya yi watsi da ɗansa Narathzul, wanda daga baya ya jagoranci tawaye ga Haifaffun Haske, kuma da umarninsa aka taɓa yin kisan kiyashi a ƙasar Qyra. Burinsa na ceton duniya ƙoƙari ne na wanke sunansa, ko da yake bai yarda da haka ba har ga kansa. Cin amanar da Yuslan Sha'Rim ya yi a ƙarshen labari ya fito ne kai tsaye daga wancan kisa, domin iyalinsa suna cikin waɗanda suka mutu. Wannan ya sa faɗuwar Arantheal ta zama girbin abin da ya shuka, kamar yadda ake gani a manyan wasannin kwaikwayo na ban tausayi.

Haka kuma abokan tafiya biyu, Jespar Dal'Varek da Calia Sakaresh, an yi su ne tamkar amsoshi biyu ga tambaya ɗaya. Jespar sojan haya ne da ya guje wa kowane irin alhaki, Calia kuwa ta ɗaure kanta da horo mai tsanani don tsoron wani mugun abu da ke cikinta. Hirarrakinsu da tauraro suna cikin wuraren da rubutun ya fi natsuwa.

4.3 Wuri da Dokokin Wasa

An sa tsarin birnin Ark ya yi magana da kansa. Haikalin Rana yana can ƙololuwa, unguwar masu daraja tana biye, sai kasuwa da unguwar baƙi, sannan a ƙarƙashin ƙasa akwai wani birni na matalauta da masu laifi. Mai wasa yana fahimtar tsarin ajin jama'a da ƙafarsa kafin wani ya bayyana masa da baki.

Dokokin wasan ma suna yi wa jigo hidima. Sihirin warkarwa da magungunan ƙara lafiya suna ƙara wa tauraro Zazzaɓin Sihiri, wanda in ya cika ma'auni sai mutuwa. Ƙwarewa kuma sai an sayi littattafan koyo da kuɗi. Ta haka kowane ƙarfi yana da farashi, kuma wannan shi ne darasin labarin gaba ɗaya.

4.4 Sarrafa Harshe

Abin da zai fi jan hankalin masanin harshe shi ne yadda aka gina addinin ƙasar bisa kalma ɗaya, wato "tafarki". Ana haifar kowa a kan tafarkin da aka tsara masa, na masu mulki ko na masana ko na masu sana'a. Wanda ya kauce ana kiransa marar tafarki, kuma wannan kalma tana aiki a matsayin hukuncin shari'a da zagi a lokaci guda. Hatta sallamar bankwana addu'a ce ta tafiya cikin albarka. Kalmar ta ratsa maganar sarki da ta talaka har ta zama kamar numfashi, kuma ta haka aka nuna yadda aƙida take zama a cikin harshe ba tare da masu magana sun lura ba.

Akwai kuma abin lura a fassarar sunan wasan. Ƙaramin sunansa na Jamusanci, Die Trümmer der Ordnung, yana nufin baraguzan tsari, irin abin da ke saura bayan gini ya rushe. Na Ingilishi, The Shards of Order, ya koma ga gutsattsarin abin da ya fashe, kamar tsingaro. Na farko ya fi dacewa da labarin da ke cike da kufai na al'ummomin da suka shuɗe, na biyu kuwa ya rage nauyin hoton. Wannan misali ne na asarar da fassara kan jawo ko da masu aikin ne da kansu suka kula da ita.

5.0 Inda Wasan Ya Yi Rauni

5.1 Saɓani Tsakanin Zubi da Labari

Babban rauni shi ne rashin jituwa tsakanin buɗaɗɗiyar duniya da labari mai layi ɗaya. Taurari suna ta nanata cewa hallaka ta ƙarato, amma mai wasa yana iya barinsu ya tafi hamada ko duwatsun ƙanƙara ya yi kwanaki yana tonon kogo, ya dawo ya tarar ba abin da ya motsa. Wannan aibi ne da aka gada daga Skyrim, sai dai ya fi fitowa fili a nan, domin labarin Enderal ya dogara ga jin matsin lokaci. Bugu da ƙari, an fi zuba ƙoƙari a Ark da kewayensa. Wasu yankuna na nesa suna da kyan gani amma mutanen da za a yi hulɗa da su kaɗan ne. A nan ne ƙarancin hannaye ya bayyana.

5.2 Ƙarancin Zaɓi

Mai wasa yana zaɓen amsoshi a hira, amma mafi yawansu ba sa karkatar da babban labari sai a ƙarshe, inda zai zaɓi ya sadaukar da kansa ya fasa Fitila, ko ya tsere zuwa wani birni da ke sararin sama. Ana iya kare wannan da cewa jigon kansa na ƙaddara ne da ruɗin 'yanci. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta wanke komai ba. Akwai wuraren da mai wasa mai lura yake hango tarkon tun da wuri, ba a kuwa ba shi damar ko da furta shakkarsa yadda ya kamata. A irin wannan wuri marubuci ne ya ɗaure shi, kuma yana jin igiyar.

5.3 Yawan Bayani

Rubutun yana da halin tsawaita jawabi. Mafi bayyanar misali shi ne haɗuwa da Baƙin Mai Gadi dab da ƙarshe, inda aka tsayar da tauraro wuri guda aka kwance masa asirin labarin cikin dogon bayani. Abin da mafarkai da kufai suka riga suka nuna a hankali sai aka sake faɗarsa dalla-dalla, kamar marubutan ba su amince mai wasa zai gane ba. Haka nan wasu taurari kan fita daga halinsu su koma masu karantar da falsafa. Rashin edita mai ikon cewa a yanke yana daga cikin abin da aikin sa-kai kan rasa.

5.4 Gadon Injin Aro

Wanda ya hau dokin aro dole ya haƙura da tafiyarsa. Faɗa da takobi bai wuce sara da karewa ba, fuskokin taurari ba sa iya ɗaukar nauyin baƙin cikin da muryoyinsu ke furtawa, an kuma yanyanka birnin Ark gida-gida ta yadda sai an jira kafin a shiga kowace unguwa. Bugun farko ya yi fama da tsayawar wasa ba zato. Sannan kyautar tana da sharaɗi, domin sai wanda ya mallaki Skyrim ne zai iya buɗe ta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin Enderal da rauninsa daga tushe ɗaya suka fito. Rashin mai jari da zai nemi riba shi ya ba marubutan damar kashe tauraronsu tun a farkon labari, su kuma hana mai wasa nasarar da ya saba samu, abin da babban kamfani zai yi shakkar yi. Wannan rashi kuma shi ya bar su da injin aro da yankunan da ba su cika ba da jawaban da ba a tace ba. Ga manazarcin adabi, darasin shi ne a auna irin wannan aiki da ma'auni cikakke, domin yi masa sassauci raini ne ga abin da ya cim ma. Akwai buƙatar nazari na gaba ya kwatanta matanin Jamusanci da na Ingilishi layi bisa layi, musamman kalmomin addini da na girmamawa, domin a tantance abin da fassara ta riƙe da abin da ta zubar.